Tsallaken Allura a Faifan Anti Luba

A unguwar Maamobi ta birnin Accra, in ka bi lungun da ke bayan makarantar Islamiyya ka wuce mai sayar da gawayi, akwai wani shago mai ƙofa shuɗiya inda keken ɗinki ke ƙara tun da sanyin safiya. Shagon Anti Luba ke nan. Sunanta na yanka Lubabatu, amma ba wanda ya taɓa kiran ta haka sai marigayiya mahaifiyarta, ita ma sai in ranta ya ɓaci. Tela ce, kuma ta iya. Lesi ne ko atamfa, in ta yanka ta ɗinka, sai kaya su zauna a jiki kamar da su aka haifi mutum. Amma in ka tambayi mutanen unguwa wace ce Anti Luba, ba zancen ɗinki za su fara yi maka ba. Cewa za su yi, "Ai mai kunnen nan."

Kunne kam Allah ya ba ta. Tana zaune a kan keke za ta ce wa yara su ɗora ruwa, babansu ya shawo kwanar lungu, alhali motoci ashirin ke ihu a bakin titi. Sai an jima ka ga trotro, wato motar hayar da mijinta Abdulai ke tuƙawa, ta faka. Wata rana ta buga bango ta ce wa telar da ke maƙwabtaka da ita ta canza allura, wadda take ɗinki da ita ta dakushe. Matar ta ji haushi, ta ce Luba ta faye shisshigi, amma ta canza.

A shekarar 1974 tana da shekara ashirin da biyu, sabuwar amarya, da sabon keke. Lokacin samarin unguwar Nima duk sun tara suma kamar kwando, wandunansu na share ƙasa, kowane gida ka wuce kiɗan sol ke tashi. Wani ma'aikacin jirgin ruwa mai suna Iliasu ya kawo mata wanduna huɗu ta buɗe masa ƙafafunsu, jirginsa zai tashi daga tashar jiragen ruwa ta Tema jibi. Ta gama masa a kwana ɗaya. Da ya zo karɓa, murna ta sa ya zaro wani faifan garmaho daga jakarsa ya ɗora mata a kan keke, ya ce tukwici ne.

A jikin kwalin akwai Turawa biyar masu dogon gashi zaune a kan matakala, bayansu mata uku baƙaƙe a tsaye, ɗaya ta riƙe ƙugu. Luba ba ta da abin sa faifai. Ta naɗe shi a ɗankwali ta taka har Kawukudi, wurin wani mai gyaran rediyo da aka ce mata yana da garmaho.

Malam Hudu ke nan. Mutumin Maraɗi ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare, yana Hausa tiryan-tiryan irin wadda 'yan zango ke cewa ta rediyo ce. Ya ɗora faifan, ya sauke allura. Jita ta fara, mai kaushi, irin ta 'yan rok. Sai ga ogan, abin kiɗan nan mai madannai kamar piyano, ta shigo ƙarƙashinta kamar ruwa a ƙarƙashin gada, masu busa ƙaho suka amsa, mawaƙin ya buɗe baki.

Luba ta zauna a kan wata matacciyar rediyo ba tare da an ce ta zauna ba.

"Bature ne wannan?" in ji ta.

"Ga hotonsa nan."

"To, a wurin baƙar fata ya koyi kuka."

Turancinta na kasuwa ne, ba ta kama rabin abin da yake faɗi ba, kuma ba ta taɓa damuwa ta kama ba. Abin da take ji daban ne. Tana jin inda mai ganga yake zaune, tana jin matan nan uku wace ce a tsakiya. Da aka juya faifan, waƙa ta biyu ta hau, ta yi ta hawa, mawaƙin yana roƙo, matan suna amsa masa, kowa ya taru wuri ɗaya kamar za a ɗaga wani abu mai nauyi. Sai allura ta yi ƙyas, ta tsallake. Da ta dira, an riga an ɗaga abin an wuce, ana cikin amshi.

Hudu ya ɗaga faifan ya karkata shi wajen haske. Wani ƙarce ne mai zurfi, a karkace, kamar an ja ƙusa. Ya ƙara wa hannun allura nauyi da kwabo, ta tsallake. Ya rage, ta tsallake. Abin da take haurewa ba shi da yawa, bai fi tsawon da mutum zai zura zare a allura sau biyu ba. Amma nan ne ƙoƙon waƙar.

"Ƙaho ne a wurin," in ji Hudu. "Duk sun shirya masa hanya."

"Ogan ce. Ba ka ji ta ja baya tana tara ƙarfi ba?"

"Madam, ni ne mai gyaran rediyo."

"Ka gyara rediyo, Malam. Ogan ce."

Gardamar da suka fara a ranar ita suka yi shekara ashirin da ɗaya suna yi.

Hudu ne ya haɗa mata garmahonta na farko daga gawarwakin guda uku. A hankali ta yi ta canza kaya, yau allura, baɗi sifika. Ta ware ɗan ɗakin da ke bayan shago. Garmahon tana ɗora shi a kan falalen dutse, dutsen kuma a kan tsohon tib na tayar trotro, don kada girgizar masu daka a tsakar gida ta kai ga allura. Sifiku biyu suna kan bulo, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da kujera ɗaya tak a tsakiya wadda ta zana wa ƙafafunta alama da alli a ƙasa. Faifai kuwa da ruwan sama take wanke shi, da ɗigon sabulu, ta share da ƙyallen karan-miski da ya ragu daga ɗinkin wata amarya. Ta tara faifai sun fi sittin, na gida da na waje. Amma kowace Juma'a bayan la'asar, in ta rufe shago, wancan na farko take sawa. In an zo wurin, allura ta yi ƙyas, ita kuma ta yi tsaki, kullum kamar yau ta fara ji.

Ta nemi wani kwafin. Ta aika Tema, ta aika Legas, ba a samu ba. Da zamanin kaset ya zo, faifai ya zama abin da ake zubarwa, Hudu ya shigo wata rana yana haki da kaset a hannu. A Sakul, babban shataletalen gari, ya gan shi wurin masu kwafa, hoton Turawan nan ne a jiki. Suka sa, suka zauna. Waƙa ta hau, ta hau, sai ƙyas. Tsallake ɗaya, a wuri ɗaya. Sai a lokacin Luba ta tuna ta taɓa ara wa wani mai kwafar kaset faifanta na yini guda. Duk kaset ɗin wannan kiɗa da ke yawo a Accra daga nata aka haife shi, da gurguntakarsa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Hudu bai yi ba, don ya riga ya gaya wa mutane a Kawukudi yau zai ci gardama.

A farkon 1995 wasiƙa ta zo daga ƙanenta Tajudeen da ke aiki a Jamus. Bayan gaisuwa da tambayar kowa da sunansa, ya rubuta cewa ya shiga wani kanti ya ga Turawanta zaune a kan matakala. Wani kamfani ya sake buga faifan. Mai kantin ya ce masa sun koma kan ainihin tef ɗin da aka fara ɗaukar kiɗan, suka sake yanka shi a hankali, a kan roba mai kauri wadda ba a taɓa amfani da ita ba, kuma kaɗan suka buga, kowanne da lambarsa, don masu kunne. Na ƙarshe ne a kantin, ya saya. Zai ba abokinsa Lawal ya kawo in zai zo gida bayan babbar salla.

Luba ta karanta wa Hudu wasiƙar sau biyu. Ba ta gaya wa yayarta Awabu ba.

Awabu ita ce babba a gidansu na Nima tun da iyayensu suka rasu. Wakye take sayarwa, wato shinkafa da wake, tukunyarta ba ta kai ƙarfe goma, kuma bakinta ya fi yajinta zafi. Kiɗan Luba a wurinta hayaniyar Turawa ce da ba su yi wanka ba. Shi ya sa Luba ta ga ba amfanin ba ta labari.

Ana nan sai 'yar Luba ta fari ta haihu a Kumasi, Luba ta tafi zaman jego. Shi kuma Lawal hutunsa ya matso, ya iso Accra tun kafin lokacin da aka ce. A zango, saƙon da ya fito daga waje hannun babban gida yake fara shiga, ko da sunan wa aka rubuta a kai. Saboda haka Nima ya nufa, ya durƙusa ya gai da Awabu, ya miƙa mata wani abu mai faɗi, mai kusurwa huɗu, naɗe da takarda mai kauri.

"Na Anti Luba ne, Mma. Tajudeen ya ce in faɗa da bakina. Kada a ajiye shi a ƙasa. Kada a ɗora komai a kansa. Kada a taɓa shi da hannu mai datti."

Awabu ta janye hannunta da ta riga ta miƙa. Abin da ba a ajiyewa a ƙasa, ba a ɗora komai a kansa, ba a taɓawa da datti, ai abu ɗaya ta sani a duniya mai wannan sharaɗi. Ta ce a ranta Tajudeen ya shiryu, ya aiko wa yayarsa ayoyi a cikin firam don ta rataya a ɗakin nan na hayaniya. Ta tashi ta yi alwala, ta naɗe saƙon a farin mayafi, ta taka turmi, ta jingina shi a kan katakon rufi, can sama, inda ba abin da ke bisansa sai kwano.

Watan Maris ne. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rufin kwano a Nima a watan Maris ya san abin da ake nufi. Kwana ashirin da shida saƙon ya yi a wurin.

Ranar da Luba ta dawo, ko gida ba ta biya ba, da jakarta ta sauka Nima, don a tasha wani ya gaya mata Lawal ya zo har ya koma. Awabu ta tare ta da murna, ta tambayi jariri, ta tambayi mai jego, ta ce sai ta ci abinci.

"Yaya, saƙona."

"Yana nan lafiya lau. Ko ƙuda bai sauka a kai ba. Kina da alwala?"

"Alwala kuma?"

Awabu ta miƙe. Ta ɗauki buta ta yi tata, ta jawo turmi ta hau. Luba ta bi ta da ido har sama, ta ga inda hannunta ya nufa. Saƙon ya sauko da ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu.

Ta warware mayafin, ta yage takardar. Awabu ta leƙo tana shirin cewa masha Allahu, sai ta yi ido huɗu da Turawa biyar masu gashi har kafaɗa.

Ta daɗe tana kallonsu.

"Waɗannan na yi wa alwala?"

Luba ba ta ji ta ba. Ta zaro faifan. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, da nauyi a hannu kamar farantin tangaran, ba ko ɗigon ƙura a jikinsa. Amma gefensa ya tashi ya sauka, ya sake tashi, kamar bakin malafar da aka zauna a kai. Ta ɗora shi a kan tebur, ta danna gefe ɗaya, ɗayan ya ɗaga.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da Awabu ta san abin da za ta mayar. Mayar da shi kwalinsa kawai ta yi, ta ce, "Na gode da ajiya, Yaya," ta ɗauki jakarta.

Hudu ya duba shi ta kowane gefe, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce in aka sa shi haka, allura za ta yi ta tsalle kamar mota a titin Nima da damina. Amma akwai dabara ɗaya da ya taɓa gani wurin wani tsohon mai kantin faifai. A sa shi tsakanin gilashi biyu, a shanya a rana har robar ta yi laushi, a shigar inuwa a danne ya huce. In zafin bai kai ba, ba abin da zai canza. In ya wuce, layukan da kiɗan ke ciki su narke, shi ke nan, ya zama murfin tukunya.

"Kuma sau ɗaya ake yi," in ji shi. "Ba a dafa shi sau biyu."

"Ka taɓa yi?"

"Na taɓa gani."

Gilashin ma sai mai kauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ya fi faifan faɗi. Na tagogin unguwa duk sirara ne irin masu buɗewa jere-jere. Sun yi kwana biyu suna nema. A rana ta uku da safe, Luba na buɗe shago, sai ga Awabu tafe da kaya a ka, naɗe da zane biyu, tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ƙofofin gilashin kabet ɗinta ne ta ciro, kabet ɗin da kwanukanta na aure ke jere a ciki shekara talatin, wanda ko jikokinta ba su isa su jingina da shi ba.

"In ya fashe," in ji Awabu tana saukewa, "ke da Turawanki ku nemi garin da za ku koma."

"Yaya, wakyen fa?"

"Na bar wa yarinyata Barikisu. Ki yi abin da za ki yi, ina da aiki."

Ba ta tafi ba. Ta jawo benci ta zauna.

Hudu ya zo da tsofaffin faifai uku da ba mai so, don gwaji, da agogonsa a tafin hannu. Na farko ya ba shi minti goma sha biyar a tsakar rana. Ya fito a miƙe sarai, Hudu yana murmushi, amma da aka ɗora allura sai aka ji kamar ana suyar kifi, da wani mutum can ƙarƙashin mai yana neman taimako. Na biyu ya ba shi minti biyar, ya fito yadda ya shiga. Na uku, minti tara, ya miƙe kuma ya yi waƙa.

"Tara," in ji Hudu. "An gama."

Luba ta ɗauki na gwajin a hannun hagu, sabon a hannun dama, ta auna su. Sabon ya kusa ninka wancan kauri. Ta girgiza kai.

"Taran ta wancan ce. Wannan bai san tara ba. Mai da agogonka aljihu, Malam."

"To da me za ki auna?"

Ta nuna masa bayan hannunta. Shekara ashirin tana guge lesin amare da dutsen guga na gawayi, wanda ba shi da lamba ba shi da maɓalli, kuma ba ta taɓa ƙona na kowa ba. Duk gwajin nan uku da Hudu ke kallon agogo, ita hannunta na kan gilashi. Ta san zafin da na farko ya mutu a kai, ta san wanda na uku ya miƙe a kai. Abin da ya rage shi ne ta riƙe wannan zafin ya daɗe, kada ya haura. Rana tsaka ba za ta yarda da haka ba. Ta ce sai gobe da hantsi.

Washegari duk gidan ya sani. Matan tsakar gida suka kwashe shanya, aka ɗaure awaki, aka hana daka. Luba ta wanke gilasan ta goge har sau uku, ta kwantar da faifan a tsakaninsu a kan teburin yankanta, suka fito da shi filin da rana ke fara sauka. Ta ce bismillah, ta ɗora bayan hannu.

Ba abin da ake gani. Baƙin faifai ne kawai a ƙarƙashin gilashi, da ɗan sarari a gefe inda gilashin sama bai kwanta ba. Hudu ya zaro agogo a ɓoye ya duba.

"Tara ta yi."

"Na ji."

"Sha ɗaya."

"Malam, in ka sake ƙirga mini, kai zan sa a tsakanin gilashin."

Da ta ji zafin na neman haurawa, sai ta ce wa Awabu ta tsaya nan ta buɗe mayafinta. Awabu ta tsaya, inuwarta ta rufe teburin. Da ya sauko, ta ce ta matsa. Haka suka yi ta yi, tsaya, matsa, tsaya, matsa, babbar mace mai jikoki tana kai da komo da mayafi a buɗe kamar mai koran kaji, tana gunaguni, amma ko sau ɗaya ba ta makara ba. Zufa na sauka a haɓar Luba. Tana kallon ɗan sararin nan na gefe. Ya ragu. Ya sake raguwa. Sai gilashin sama ya sauka a kan na ƙasa ba tare da ƙara ba, kamar mai ajiye numfashi.

"Yanzu," in ji ta.

Suka ɗauki teburin su uku suka shige ɗaki. Aka ɗora katako a kai, ana neman abin dannewa.

"In zauna a kai?" in ji Awabu.

"Miƙewa muke so ya yi, Hajiya, ba gari ba," in ji Hudu.

"Ji mini wannan tsinken. Da iska ta taso sai a neme ka can unguwar Malam, bayan gari."

Kan keken ɗinkin Luba aka kwance aka ɗora. Ta ce ba mai taɓawa sai gobe bayan la'asar. Ranar ba ta yi ɗinki ba, ga keke ba kai, ga ta ba natsuwa. Abdulai ya ce da ya dawo ya same ta tana share tsakar gidan da aka riga aka share.

Goben Juma'a ce. Bayan la'asar Hudu ya iso da rigarsa ta masallaci. Awabu ma ta zo, ta ce gilashinta ta zo karɓa. Aka ɗauke kan keke, aka ɗaga katako, Luba ta zare gilashin sama. Ta ɗora faifan a kan garmaho ta kunna, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da gefensa. Yana juyawa, da ɗan tashi kaɗan a wuri ɗaya, kamar ƙirjin mai barci. Allura za ta iya da wannan. Abin da ba a sani ba shi ne ko kiɗan na nan a ciki.

"Juya shi, sa waƙa ta biyu," in ji Hudu.

"Daga farko za a fara."

"Madam, shekara ashirin da ɗaya."

"To minti ashirin ba zai kashe ka ba."

Ta sauke allura, ta zauna a kujerar tsakiya. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne shirun. Tsohon faifanta kafin kiɗa ya fara sai ya yi ta ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Wannan ba komai, har ta ɗauka waya ce ta cire. Sai jita ta faɗo cikin ɗakin. Ta ji yatsan mutumin yana zamewa a kan tsirkiya kafin ya danna. Ta ji ashe masu ƙaho uku ne, ba biyu ba, na ukun yana ɓoye bayan na farko duk shekarun nan. Ta ji faɗin ɗakin da suke ciki. Ba abin da ya narke. Ta rufe ido, ba ta buɗe ba sai da gefen farko ya ƙare.

Ta juya shi. Waƙa ta ɗaya ta wuce. Ta biyu ta fara hawa. Hudu ya cire hula ya riƙe a hannu. Mawaƙin yana roƙo, matan suna amsawa, kowa ya taru, aka zo gaɓar da allura ta saba tashi.

Ba ta tashi ba. Kowa ne ya tsaya. Ba ƙaho, ba ogan, ba jita. Ƙafar mai ganga kaɗai ke bugawa a hankali, can ƙasa. Matan suka tafa sau biyu. Ɗaya daga cikinsu ta fara wata kalma ta katse, ta yi 'yar dariya gajeriya a cikin hanci. Mawaƙin ya ja numfashi, ana jin iskar na shiga ƙirjinsa. Sannan duka suka faɗo tare.

Luba ta bar waƙar ta kai ƙarshe kafin ta ɗaga allura. Idonta ya kawo ruwa, kuma dariya take yi.

"Ina ƙahonka, Malam?"

"Ina ogan ɗinki?"

"Ni na yarda ba ta nan."

"Ƙahon yana nan," in ji Hudu yana mayar da hula. "Mai busawa ya ɗaga shi, bai dai busa ba."

Awabu na tsaye a bakin ƙofa da gilashinta a hammata.

"Wai shi ke nan? Don wannan na tsaya a rana kamar tutar makaranta? Wurin da ba a kiɗa komai?"

"Daga nan ba za ki ji ba, Yaya. Zo ki zauna."

Ba wanda ya taɓa zama a kujerar nan sai Luba, ko Abdulai bai taɓa ba. Awabu ta jingina gilashin da bango, ta zauna a ɗarare, ta gyara mayafi. Luba ta mayar da allura baya kaɗan. Waƙar ta hau, ta tsaya, aka tafa, aka yi dariyar, aka faɗo.

Awabu ta karkata kai wajen sifikar hagu.

"Ta gefen nan ce," in ji ta. "Ta yi azarɓaɓi ta shigo kafin lokacinta. Ta tsakiyar ce ta zungure ta da gwiwar hannu, ba ki ji awarwaronta ya yi ƙara ba?"

Luba ta dubi Hudu, Hudu ya dube ta. Ba wanda ya ji awarwaro a cikinsu.

"Babu wani awarwaro, Hajiya," in ji Hudu.

"Kai da ka shekara ashirin kana jin ƙahon da babu? Luba, mayar da shi. Ku yi shiru ku ji."

Luba ta tashi ta mayar da allura, ta zo ta durƙusa a gefen kujerar, ta kai kanta daidai da kan yayarta.